Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

Ranar Litinin da safe, ko jakata ban ajiye ba na ji Inna Mai Shara tana kwaɗa mini kira daga ɗakin duba ƙafa.

"Sista! Ke Sista! Zo ki ga abin da na gani!"

Shekarata goma sha tara ina aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwarmu, sha huɗu daga ciki tare da Inna, kuma ban taɓa jin ta yi mini irin wannan kiran ba. Na same ta a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta kasa shiga. Kwalbar hodar da muke barbaɗa wa marasa lafiya tsakanin yatsu ta faɗo daga saman kanta ta tarwatse, siminti ya yi fari fat. A saman kantar kuwa, inda akwatin katuna yake zama, babu komai sai wurinsa.

Ni kuwa na san abin da ke cikin akwatin nan.

Wata takwas da suka wuce jami'a ta haɗa hannu da asibitinmu. Suka turo mana wata likita mai bincike, 'yar siririya mai tabarau, kowa Dakta yake ce mata. Ciwon suga yakan kashe jijiyar ƙafa a hankali, mutum ya ji rauni bai sani ba, sai ƙafa ta ruɓe a kai shi babban asibiti a yanke. Abin da suke son ganewa shi ne, in ƙananan asibitoci irin namu suka riƙa duba ƙafa da wuri, ƙafa nawa za ta tsira? Gwajin ba wuya. Ka rufe ido, a taɓa tafin ƙafarka wuri goma da wani siririn zaren roba, duk inda ka ji ka ce ka ji. Sai Dakta ta yi maka tambayoyi ta rubuta a kati. Tambayoyin ne masu nauyi, har da abin da namiji ba ya iya faɗa wa matarsa.

Ni na bi gida-gida na lallaso mutum ɗari biyu da sha huɗu. Na ce musu in sirrin wani ya fita, a zo a tofa mini yawu a fuska. To ga shi an ɗauke sirrin gaba ɗaya, da akwatinsa.

Kafin ƙarfe tara harabar asibiti ta cika. Masu zagi na yi, masu kuka na yi. Dakta tana ta bayani cewa katunan babu suna sai lamba, amma wa zai saurare ta? Sai ga Ciyaman, shugaban kwamitin unguwa mai kula da asibitin, mutumin da bai taɓa jin wata murya ta yi masa daɗi kamar tasa ba. Ya duba ƙofa, ya duba taga.

"Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba," ya ce. "Makulli biyu ne, ɗaya wurin Sista, ɗaya wurin matar nan. Ruwa ba ya tsami banza."

Ni ba wanda ya kalle ni, tunda farin kaya ne a jikina. Inna kuwa tsintsiya gare ta. Ya miƙa hannu ya karɓe tsintsiyar, ya sa ta ciro makullin da take ratayawa a wuya, a gaban jama'a.

"Kwamiti zai zauna ƙarfe huɗu. In akwati bai fito ba, kin bar aiki, kuma 'yan sanda za su zo su tafi da ke."

Inna ba miji, ba ɗa. Asibitin nan shi ne gidanta, sunanta kuma shi ne kaɗai abin da ta tara a duniya. Ta je ta kifa bokitinta a gindin katanga ta zauna a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja ƙofar ɗakin na kulle, na ce duk wanda ya taka hodar nan zai gane ni ba kanwar lasa ba ce.

*

Mutum ɗaya na sani da zai iya fitar da mu: Baba Mai Sawu, aminin marigayi mahaifina. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata da na masu satarsu, sai da gwiwa ta zaunar da shi. Na ce wa direban motar asibiti ya kai ni gidansa.

Direban nan Sannu-Sannu ake ce masa. Shekara ashirin yana jan motarmu, ko kaza bai taɓa takawa ba. Mata masu naƙuda suna sa masa albarka, mazajensu suna zaginsa don rashin gudu.

Baba ya saurare ni yana ɗaura takalminsa. "Ke da kika ishe ni in zo a duba mini ƙafa, yau kuma ni zan duba taku?"

"Baba, wanzami ba ya son jarfa, na sani. Ka taimaka ka tashi, ƙarfe huɗu za su ci mutuncin tsohuwa."

A hanyar dawowa Baba yana gaba, ina baya. A mararraba wani mai amalanke ya gitta. Sannu-Sannu ya yi jinkirin taka birki, da ya taka kuma sai ya taka da ƙarfi, har goshina ya bugi kujera.

"Kai! Yau kuma kai ne da wannan?"

"Yi haƙuri, Sista. Birkin ne yake son gyara."

Baba ya kalli ƙafar direban, ya mayar da idonsa kan hanya.

*

Da na buɗe ɗakin, Baba ya durƙusa a bakin ƙofa da ƙyar, ya daɗe yana kallon siminti kamar mai karatu. Ciyaman yana tsaye a kansa, har yanzu da tsintsiyar Inna a hannu.

"Ranka ya daɗe, ara mini tsinke ɗaya," Baba ya ce. "Na gode maka da ka ƙwace tsintsiyar nan. Da ka bar mata, da tuni ta share mini aikina."

Ya riƙa auna tsakanin taku da taku da tsinken, yana sa alama da farce. Sai a lokacin na lura da sawun sosai. Ga dunduniya, ga yatsu biyar raɗau a cikin hoda.

"'Yata, wa yake cire takalmi kafin ya shiga ɗakin nan?"

"Kowa. Doka ce, ga ta nan a manne a ƙofa."

"To ɓarawonku ya bi doka. Kin taɓa jin ɓarawon da ya zo sata ya cire takalmi don ladabi? Na gida ne. Ƙafarsa ta saba, ta yi abin da ta saba ba ta yi shawara da shi ba."

Sannan ya nuna mini wani abu da bakin tsinken. A tsakiyar sawun dama akwai ɗigon jini, bai fi kan ashana ba. Ya fara daga kusa da kantar, ya bi kowane sawun dama har bakin ƙofa, inda mutumin ya mayar da takalminsa.

"Ya taka gilashi!" Ciyaman ya ɗaga murya. "Sawun namiji ne, ke nan matar nan ta ba wani makulli. A nemo mini duk mai ɗingishi a unguwar nan!"

Baba ya ci gaba da awonsa. Ya auna sau biyu, ya sake aunawa, na ga fuskarsa ta canza.

*

Inna tana kan bokitinta lokacin da muka je. Baba ya gaishe ta da kyau, ya zauna a dakalin da ke kusa.

"Makullin nan yana barin wuyanki?"

"Ko wanka nake, yana wuyana. Har ya yi mini kanta, duba." Ta nuna masa. "Ranar Asabar na share, na goge, na kulle da hannuna. Lahadi ba a buɗewa. Malam, ni ko karatu ban iya ba, me zan yi da takardu? In hura wuta?"

"Akwai wanda yake jin haushin akwatin?"

Inna ba ta iya ƙarya ba, ko don ta ceci kanta. "Ƙanin marigayi mijina, mai yankan farce. Tunda su Sista suka hana masu suga kai masa ƙafa ya sa reza, rabin mutanensa sun gudu. Ya taɓa cewa sai ya ga bayan akwatin nan. Amma baki ne kawai, wallahi. Ko kyankyaso ba ya iya kashewa."

Ashe Ciyaman yana bayanmu, ya ji komai.

*

Ba a yi rabin awa ba sai ga maza biyu sun taso Mai Farce a gaba. Na dafe kai. Mutumin nan ɗingishi yake, ƙafar dama naɗe da tsumma, tsumman kuma da jini.

"Biri ya yi kama da mutum!" Ciyaman ya ce, bakinsa har kunne. "Ƙanin mijinta ne, ya yi barazana, ga rauni a ƙafar dama. Me kuma ake jira?"

"Ƙusa na taka ranar Asabar!" Mai Farce yana ihu. "Na ce sai na ga bayan akwati, na faɗa, ban musa ba. Amma mutum ba zai yi fushi ya yi magana ba?"

Baba ya share ƙasa da gefen takalminsa. "Cire silifa ka taka nan. Je ka wancan bango ka dawo."

Mai Farce ya tafi yana tsalle-tsalle, yana ɗaga dunduniya, yana kiran sunan uwarsa. Baba ya durƙusa ya auna sawun. Takun dama gajere ne, na hagu dogo.

"Allah ya ba ka lafiya. 'Yata, ki wanke masa ki yi masa allura. Ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne?" Ciyaman ya kusa haɗiye harshensa. "Kana ganin mutum yana ɗingishi?"

"Ɗingishin nan shi ne shaidarsa."

Ni kaina ban gane ba, kuma na ji haushin Baba. Agogo ya nuna ƙarfe biyu, mun saki wanda muke da shi, Inna kuma tana nan a kan bokiti.

*

Dakta tana ofishina, ta cire tabarau tana goge ido. Dole ta sanar da jami'a kafin a tashi aiki, kuma ta san za a dakatar da binciken. Baba ya nemi izini ya shiga.

"'Yar nan, ni jahili ne, ki koya mini. Akwai mutumin da zai taka gilashi, ya shige masa, ya ci gaba da tafiya bai sani ba?"

Dakta ta mayar da tabaraunta a hankali. "Akwai. A cikin waɗanda na gwada, mutum arba'in da ɗaya."

"Ba ni sunayensu."

"Ba zan iya ba, Baba. Na yi musu alkawari. Ko Sista ban nuna wa ba tukuna, yau ne ma za mu zauna mu duba na makon jiya."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai na ga ya gyaɗa kai kamar ta burge shi.

"To faɗa mini wannan. In gilashin yana ciki, mai shi bai sani ba, kwana nawa ƙafar take da shi?"

"In sugansa ya hau? Kwana biyu, uku. Bayan nan ba ni da tabbas."

Baba ya dafa sandarsa ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba. "'Yata, tara mini duk wanda ya saba shiga ɗakin nan. Sauran jama'a a fitar da su waje, a rufe ƙofar asibiti."

*

Muka jeru a dogon bencin da marasa lafiya suke jira: ni, Dakta, Inna, Mai Farce, mai ba da magani, Sannu-Sannu, da Ciyaman, wanda sai da ya yi jawabi kafin ya yarda ya zauna. Saura minti ashirin ƙarfe huɗu.

"Da safe ɓarawo na zo nema," Baba ya ce. "Yanzu mara lafiya nake nema. Na bi sawun saniya da ta taka ƙaya, na bi na mutum da ya taka kwalba. Duk mai rai, in abu ya soke shi, takunsa na gaba sai ya gajarta. Zai ɗaga dunduniya, ko ya tsaya, ko ya dafa bango. Kun ga yadda mai farce ya yi. Amma mutumin da ya shiga ɗakin nan ya taka gilashi, jini ya fito, kuma takunsa bakwai har ƙofa duk tsawonsu ɗaya. Ko gezau. Bai san ya taka ba, kuma ina jin har yanzu bai sani ba. Don Allah kowa ya cire takalminsa ya duba tafin ƙafarsa ta dama."

Muka fara cirewa. Ciyaman ya duba tasa sau biyu, don shi ma a cikin binciken yake. Sannu-Sannu ne na ƙarshe. Baƙin takalmi sau-ciki ne da shi. Ya ja, takalmin ya ɗan manne kafin ya fito, kuma ni da nake kusa da shi na ji warin da hancina ya sani.

Ya tallabo ƙafar da hannu biyu ya juyo ta da ƙyar. A tsakiyar tafin akwai rauni, bakinsa ya yi ja ya kumbura, wani abu yana ɗan ƙyalli a ciki.

Ban taɓa ganin mamaki irin na fuskarsa ba. Ya kalli ƙafar kamar ta wani ce aka ba shi riƙo.

"Na ga ɗan ja a ruwa da nake wanka," ya ce a hankali. "Na ɗauka faso ne."

"Ina akwatin?" Ciyaman ya daka masa tsawa.

"Yana mota, ƙarƙashin gadon ɗaukar marasa lafiya. Ko kati ɗaya bai ɓata ba." Ya juyo wurina. "Sista, kin manta. Lokacin da ɗakin nan yake sito, ke kika ba ni makulli don in riƙa ɗauko gadon. Yana nan a jikin makullin mota."

Kunya ta rufe ni. Makulli uku ne, kuma ni na bayar da na ukun da hannuna.

"Ranar Alhamis na lallaɓa Dakta ta gwada ni," ya ci gaba. "Ta taɓa wuri goma. Ina jira ta fara, sai na ji ta ce an gama. Ta ce ranar Litinin za ku duba katuna tare. Sista, ban iya komai ba sai tuƙi. Wa zai bar mutumin da ba ya jin birki ya ɗauki mai naƙuda? Na ce bari in zare katina kawai. Da na buɗe akwati sai na ga babu suna, duk lamba ce. Ban san nawa ba. Na ji motsi a waje, na rikice, na sungumi akwatin, gwiwar hannuna ta ture kwalba."

"Tun a mota na ga kana leƙa ƙafarka kafin ka taka birki," Baba ya ce. "Mai ji ba ya leƙawa. Amma na so ka gani da idonka."

Dakta ta rufe fuska da hannu. "Na faɗa masa sakamakonsa, na ce ya dawo, na kira na gaba. Tambaya talatin da biyu ce a katin nan. Babu ko ɗaya da ta ce, in aka gano kana da wannan, me kake tsoron rasawa?"

Ciyaman ya fara gyaran murya zai yi maganar 'yan sanda. Na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, akwati ya fito, sirrin kowa yana nan. Mutumin nan mara lafiyata ne, ba inda za shi sai an cire gilashin nan. Kai kuma akwai abin da ka karɓa a gaban jama'a. A gaban jama'a za ka mayar."

Ya so ya yi gardama, sai ya ga kowa shi yake kallo. Aka buɗe ƙofar asibiti. Ya tsaya a gaban mutane ya ce akwati ya fito lafiya, Inna ba ta da laifi, ya miƙa mata tsintsiya da makulli. Shi ne jawabi mafi gajarta da na taɓa ji daga bakinsa.

*

Na kwantar da Sannu-Sannu a gadon ɗakin wankin ciwo. Kafin in sa safar hannu ya laluba aljihu ya ajiye makullin motar a kan tebur, ba wanda ya tambaye shi. Dakta ta ce in raunin ya warke za a zauna a ga abin da zai iya, kuma tana neman mutumin da direbobi za su saurara in ya ce su zo a duba su. Ya zuba wa rufi ido.

Sai ga Inna ta shigo da kwanon ruwan ɗumi, kamar yadda take yi duk lokacin da zan wanke ciwo. Ta dire shi da ƙarfi har ya fantsala.

"Shekara sha huɗu ina share maka cikin mota," ta ce masa. "Aman marasa lafiya, jininsu, duk ni. Kana tsaye aka cire mini makulli a wuya. Kana gani ina zaune a kan bokiti tun safe."

"Na gani, Inna."

"Ka gani." Ta naɗe hannun rigarta. "Miƙo ƙafar."

Ta riƙe masa idon sawu da hannu biyu, na sa hantsaki na zaro gilashin. Tsawonsa ya kai gaɓar ɗan yatsa. Ƙafar ko motsi ba ta yi ba. Amma da na ɗago sai na ga hawaye yana gangara masa har cikin kunne.

"To kukan me kake?" Inna ta ce. "Ai an ce ba ka ji."

"Ba ƙafar ba ce, Inna."

Ta matse tsumma a ruwan, ta ci gaba da goge masa tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya.